Makullin Camry 2009 ya ɓata, an yanko sabo amma mota ta ƙi tashi

Baban Ummi, Kaduna

Assalamu alaikum masana. Ina neman shawara a kan Toyota Camry 2009, 'yar Amurka, mai filogi huɗu, irin wadda ake murɗa makulli ba mai danna maɓalli ba. Makulli ɗaya tal ta zo da shi, mai rimot a kansa, kuma yau kwana uku ke nan da ɓatansa. An kira mai yankan makulli ya cire kwaɗon ƙofa ya yanko wani. Sabon yana buɗe ƙofa, yana murɗa swici, fitilun dashbod duk suna kamawa, kik yana juyawa da ƙarfinsa, amma injin ya ƙi kamawa. Akwai wata 'yar jar fitila da take ta ƙiftawa ko da makullin yana ciki. Mai wayarin ya ce sai an sayo saitin ƙwaƙwalwar mota da swici na Beljiyam a canza duka. Wani kuma ya ce a kashe tsaron kawai a huta. Wanne ne daidai? Sannan wanda ya tsinci tsohon makullin zai iya tada motar?

Malam Habu Mai Makulli, Kano

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kafin komai, ka dakatar da maganar sayen ƙwaƙwalwa. Lafiyarta ƙalau, aikinta take yi.

Makullin wannan motar abu uku ne a jiki ɗaya, kuma kowanne da hanyarsa. Akwai ƙarfen da aka yanka, shi ke murɗa kwaɗo. Akwai rimot mai buɗe ƙofa daga nesa, shi ne mai cin ɗan batirin nan. Sai na ukun, wani ɗan cif da bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba, a ɓoye cikin robar kan makullin. Shi cif ba ruwansa da batir. A bakin swici akwai zoben waya zagaye da ramin makulli. Da ka zura makulli sai zoben ya aika masa da wuta ta iska, cif ya farka ya ba da amsa. Akwatin tsaro, wato imobilaiza, ya duba ko ya san wannan cif ɗin. In ya san shi sai ya gaya wa ƙwaƙwalwar injin ta saki mai da wutar filogi. In bai san shi ba, kik zai yi ta juyawa har batir ya mutu, mota ba za ta tashi ba. Mai yankan makullin ya ba ka na farko kaɗai. Jar fitilar da ke ƙiftawa da makulli a ciki, motar ce ke cewa ba ta san wannan baƙon ba.

Cif ɗin Toyota ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ana gane su da alamar da ke jikin ƙarfen, dab da inda ya shiga roba. Mai ɗigo guda, shi ne 4D67. Mai harafin G ya biyo bayansa wajajen 2010, mai harafin H kuma ya shigo wajajen 2013 zuwa 2014. Tsofaffi na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 suna da 4C. Camry 2009 'yar Amurka mai ɗigo ce. In aka kawo maka mai G, zai shiga rami, zai murɗa, amma har abada motar ba za ta karɓe shi ba. Ƙarfen kuwa samfurin TOY43 ne. Rimot ɗin ya zama na megahaz 315, na Amurka. Na Turai 433 ne, ba ya magana da motarka. A bayan rimot na wannan Camry za ka ga an rubuta HYQ12BBY, ka duba da idonka kafin ka biya.

Da a ce kana da babban makulli guda a hannu, wanda muke ce wa masta, aikin minti biyar ne: a jona na'ura a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a zura mastan, a cire, a zura sabon, a jira kamar minti ɗaya fitilar ta mutu. Da yake duk sun ɓata, sai an wanke akwatin tsaron ya manta da kowa, sannan a koya masa sababbi. Hanya biyu ce.

Ta farko ta soket ɗin OBD, ba a kwance komai. Ana amfani da manhajar Toyota mai suna Techstream, ko na'urori irin Autel IM508 da IM608, ko Xtool. Da Techstream, motar za ta fitar da wata doguwar lamba, a nemo lambar sirrin da ta dace da ita a shigar. Daga nan a bar makulli a kunne, ƙofar direba a buɗe, a jira minti 16 cif-cif. Wannan jiran daga kamfani yake, an sa shi ne don ɓarawo ya kasa yi a tsaye a bakin titi, babu wanda zai gajarta maka shi. Kada a taɓa makulli, kada a rufe ƙofa, kada a zare waya. In ya cika, akwatin ya zama kamar sabo, sai a shiga zura makullai ɗaya bayan ɗaya yana rijistarsu. In an gama kuma fitilar ba ta koma daidai ba, alamar akwatin yana jiran ƙarin makulli ne. Ana rufe rijistar da na'ura, ko a murɗa swici kunne-kashe sau biyar da sauri cikin daƙiƙa goma.

Ta biyun ita ce a ciro akwatin tsaron a karanta ɗan cif ɗin ajiya da ke cikinsa, mai ƙafa takwas, a rubuta masa bayanan sabon akwati. Aiki ne mai kyau a hannun wanda ya iya, sai dai a wannan motar akwatin yana can ciki bayan dashbod, kusa da akwatin iyakwandishan. Kwance dashbod wuni guda ne, kuma ba kasafai yake komawa ba tare da wani kilif ya karye ko ƙara ta fito ba. Ba a zuwa nan sai hanyar OBD ta ƙi.

Rijistar rimot daban take da ta cif. Mota na iya tashi rimot bai yi ba, rimot na iya buɗe ƙofa mota ta ƙi tashi. Ka tabbata cinikin da kuka yi ya haɗa duka biyun.

Kuma kada a ja motar. Mai aikin ya zo da na'urarsa inda take. Ka tanadi takardun mota da katin shaidarka. Duk mai makullin da ya san mutuncin sana'arsa zai gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da abin da ke cikin takarda kafin ya jona komai.

Injiniya Sadik, Abuja

Malam Habu ya gama magana a kan hanya. Ni a kan shawarar mai wayarin zan tsaya, don ita ce mai tsada kuma ita ce mai janyo ciwon kai.

Abin da ake kira saiti shi ne ƙwaƙwalwar injin, akwatin tsaro, swici da makullinsa, duk daga mota ɗaya. In da gaske daga mota ɗaya suka fito, mota za ta tashi. Amma ka lura, Alhaji: don a saka akwatin tsaron sai an kwance dashbod ɗin nan da ake gudu. Sannan makullin swici ya zama daban da na ƙofa da but, ka koma yawo da makulli biyu. Sannan lambar ƙwaƙwalwar dole ta dace da taka, domin Camry ta wannan zubin akwai mai filogi huɗu da mai shida, akwai 'yar Amurka akwai 'yar Dubai, kuma a 2010 an canza injin daga 2.4 zuwa 2.5. Ƙwaƙwalwar da ba ta dace ba tana kawo fitilar injin da ba ta mutuwa, ko giya ta riƙa fizga. Ka cire lafiyayyen kayan da motarka ta fito da shi daga kamfani ka sa wanda ba ka san tarihinsa ba, saboda abin da na'ura za ta gyara cikin awa ɗaya.

In kuwa an riga an canza ɗaya daga cikin biyun, ƙwaƙwalwa kaɗai ko akwatin tsaro kaɗai, to sai an gabatar da su ga juna, in ba haka ba makulli na daidai ma ba zai tada mota ba. Ana haɗa ƙafa ta 4 da ta 13 a soket ɗin OBD da 'yar gajeriyar waya, a kunna swici ba tare da an yi kik ba, a bari minti 30. Fitilun dashbod za su yi ta ƙiftawa, haka ake so. Bayan minti 30 a kashe, a zare wayar, a tada. A ƙirga ƙafafun sau biyu kafin a soka waya: ƙafa ta 16 wutar batir ce kai tsaye, in waya ta taɓa ta da ta 4 fiyus zai tashi, in an yi rashin sa'a abin ya wuce fiyus.

Batun batir kuma kada a raina shi. Kwana uku ana kik a banza, batirin nan ya sauka. Minti 16 ko 30 da swici a kunne yana jan wuta, in wuta ta faɗi ana tsakiyar rubutu a cikin akwatin tsaro, bayanan na iya lalacewa, a nan ne za a koma ga kwance dashbod dole. A auna shi tukuna, ya kai volt 12.4 ko sama. In bai kai ba a yi caji, ko a jona wani lafiyayyen batir da wayar jamfa har a gama. A kashe fitilu, rediyo da fanka.

Kafin a wanke komai a karanta lambobin matsala, suna faɗin gaskiya. B2795 na nufin an ga cif amma ba a san shi ba. B2796 na nufin ba a ji amsar cif ba kwata-kwata, wato makulli ba cif ko zoben ba ya aiki; ina kyautata zaton ita za a gani a taka. B2784 zoben bakin swici ne ya yanke ko ya haɗe. B2799 kuwa tsakanin akwatin tsaro ne da ƙwaƙwalwar injin, ita ce mai fitowa bayan canjin kaya. In mai yankan makullin ya taɓa swici lokacin aikinsa, a duba ɗan soket ɗin zoben, yana da saurin zarewa, kuma in ya zare ko makullin asali aka kawo ba zai yi ba.

Baban Ummi, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wanda aka sayi motar a hannunsa ya binciko wani makulli a gida ya aiko, mai kai ruwan toka, ba rimot. An gwada, mota ta tashi nan take. To yanzu sai a kwafe shi kawai a yi biyu, ko har yanzu sai an yi wancan aikin na minti 16?

Malam Habu Mai Makulli, Kano

Alhamdu lillahi, an samu sauƙi, amma da sauran aiki. Mai ruwan tokan shi ne ƙaramin makulli, wanda ake ba mai wankin mota ko mai fakin. Yana tada mota, sai dai ba shi da ikon shigo da wani makulli cikin rijista, kuma ba ya buɗe aljihun gaba in an kulle shi. Da yake ana canza robar kai, kada ka dogara da launi, ka gwada da kanka: rufe ƙofa, ka zura makullin a rami kada ka murɗa, idonka a kan jar fitilar. In ta mutu nan take, masta ne, ka huta. In ta tsaya a kunne kamar daƙiƙa biyu sannan ta mutu, ƙarami ne.

Kwafi yana yiwuwa. Na'ura irin ta Xhorse tana karanta 4D67 ta zuba shi a wani cif, kuma shi ne mafi arha. Amma kwafin ƙarami ƙarami ne, ba ya zama masta. Kuma mota ba ta bambance kwafi da asali, a wurinta makulli ɗaya ne, don haka ranar da ɗaya ya ɓata ba za a iya goge shi a bar ɗan uwansa ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayarka ta farko, wadda ban amsa ba. E, wanda ya tsinci tsohon makullin zai tada motar, tunda har yanzu sunansa na cikin rijista, kuma masta ne. Da rimot ɗin ma zai iya zagaya wurin fakin yana dannawa har motar ta ƙifta masa fitila. Goge makulli daga rijista kuma sai da masta a hannu. Ka ga ke nan kwafi bai taɓa wannan matsalar ba ko kaɗan. Wankewar nan ta minti 16 ita ce ke kashe tsohon makullin. Shawarata: a wanke, a yi masta biyu sababbi masu ɗigo, a mayar da mai ruwan tokan a matsayin na uku. Ka kawo shi wurin aikin, don duk makullin da ba ya nan lokacin rijista ya mutu. A rimot kuma ka ce a goge tsofaffi a rubuta sababbi, ba ƙari kawai ba. Zaɓi biyu ne daban a cikin na'urar, kuma masu gaggawa ƙari suke dannawa.

Abu ɗaya zai rage: ƙarfen tsohon makullin zai ci gaba da buɗe ƙofa da hannu ko da ba zai tada injin ba. In faɗuwa ya yi a hanya, nesa da gida, ba lallai ka damu ba. In kuwa kana zargin ɗauke shi aka yi, ko ya ɓata tare da wani abu mai nuna adireshi ko lambar mota, a canza jeren haƙoran cikin kwaɗon ƙofa da na swici a yanka sabon tsari, kuma ka sanar da 'yan sanda.

Wani amfanin mai ruwan tokan: a gwada yankansa da na makullin da aka yanko daga ƙofa. Kwaɗon ƙofa ba lallai ya ƙunshi duk haƙoran da ke cikin swici ba, kuma ya ci shekaru yana gogewa. Makullin da sai an jijjiga shi kafin ya murɗa yana cinye cikin swici a hankali. Sababbin a yanka su da injin da ke bin lambar yanka, ba kwafin gogaggen ƙarfe ba.

Oga Ilya, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ga masu karantawa da motarsu ba Toyota ba, kada a ɗauki minti 16 a kai ko'ina.

A nan wajenmu motocin Turai da ke shigowa ta Kwatano sun fi yawa, kuma kusan duk suna da wannan tsaron, tunda Jamus da Ingila sun wajabta shi a kan sababbin motoci tun 1998. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa za ka ga Hyundai da Kia da yawa 'yan Amurka na tsakanin 2011 da 2021, masu makullin murɗawa, ba cif a cikinsu sam. Irin waɗannan yankan ƙarfe ya wadatar, kada a karɓi kuɗin firogiramin a hannunka sai na rimot. Mai makulli yana da 'yar na'urar da ake kara kan makulli ta faɗi ko akwai cif da irinsa, daƙiƙa biyar ne.

Peugeot 206, 307 da 406 na baya-baya suna da lambar sirri mai harafi huɗu, tana zuwa a kan wani kati tare da sabuwar mota. In babu ita, ba rijista. In katin ya ɓata ana cirota daga akwatin BSI, wato mai kula da kayan wutar jikin motar, ko ƙwaƙwalwar injin da na'ura. Kada a yarda wani ya yi ta cankar lamba, kuskure uku a jere yana kulle tsarin sai an yi jira. Cif ɗinsu ID46 ne, kuma da ya shiga mota ɗaya ya ɗaure da ita. Makullin Peugeot na hannu da ake sayarwa a kasuwa, robarsa da ƙarfensa kaɗai za su yi maka amfani, cif sai sabo.

Honda Accord 2008 zuwa 2012 ita ma ID46 ce, fitilarta koriya ce mai hoton makulli, ƙarfenta kuma a gefe ake sassaƙa shi, injin yanka na gama-gari ba ya yi. Mercedes labarinta daban: makullinta da haske yake magana da swici, sai an karanta bayanan swicin kansa, kuma na wajajen 2015 zuwa sama galibi sai ta hannun dillalin kamfani. Mai irin wannan motar da makulli ɗaya, ya yi na biyu tun yau.

Masu danna maɓalli kuma, kafin a ce makulli ya lalace, a kara shi a jikin maɓallin a taka birki a danna. In ta tashi, batirin makullin ne kawai ya mutu.

Hajiya Mai Gareji, Zariya

Ba wanda ya tsaya sosai a kan maganar kashe tsaro, kuma ita ce mutane suka fi saurin karɓa don arha. Iri biyu ake yi. Wasu suna fasa kan makulli su ciro cif su naɗe shi da salatif a jikin zoben swici, a rufe roba a kai, sai kowane yankakken ƙarfe ya tada mota. Wasu kuma suna taɓa bayanan ƙwaƙwalwar injin ta daina tambaya gaba ɗaya. Duka biyun sakamakonsu ɗaya: Camry da za a iya tadawa da makullin da aka yanka a bakin kasuwa, ko a fasa swici da sukundireba. Na salatif ɗin yana da ƙarin aibi. Zafin rana yana sakin gam, cif ya zame ɗan kaɗan daga zoben, mota ta ƙi tashi a inda ba a shirya ba, mai gyara kuma ya yi ta canza famfon mai da kwayil don bai san an ɓoye wani abu a wurin ba. Ban ga dalilin yin haka ba ga motar da ake iya yi wa rijista ta soket.

Alhaji, ranar aikin kada ka biya sai ka yi wannan gwajin a gabansa. Ka ajiye sauran makullai nesa da mota, taku biyar ko fiye, domin cif biyu a kusa da zobe suna rikita karatu, kuma makulli mara rijista na iya fakewa da na kusa da shi. Ka gwada kowanne shi kaɗai: zura, fitila ta mutu nan take ga masta biyun, tada, bar injin ya yi minti ɗaya, kashe. Ka kulle ka buɗe da kowane rimot daga nesa, har but. Ka sa ya nuna maka a fuskar na'urarsa adadin makullan da ke cikin rijista. In uku kuka yi, uku za ka gani, in ka ga huɗu ba a goge tsohon ba ko an ƙara wanda ba a ba ka ba. Makullin farko da aka yanko mara cif, karɓe shi ka riƙe, yana buɗe ƙofa. Ka nemi ya rubuta maka lambar yankan ƙarfen a takarda ka ajiye tare da masta na biyu a gida, ba a cikin motar ba. Batirin rimot ɗin CR2016 ne, in ka ga nisan da yake kamawa ya fara raguwa.